Inuwar lig-lig na duniya: da mu ake yi ko taron masu kuɗi ne?

Ɗan_Wunti
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan an tashi wasa muka tsaya a ƙofar gidan kallo ana musu har mai gidan ya kashe janareta ya bar mu a duhu. Abin da ya jawo musun shi ne wannan ƙungiya da ta haɗa lig-lig na ƙasashe a inuwa ɗaya, wadda da ake kira World Leagues Forum, yanzu kuma World Leagues Association. Wani ya ce da shugabannin lig ɗinmu za su riƙe irin wannan haɗin kai da hannu biyu, da tuni ƙwallon gida ya gyaru. Ni kuma na ce taron manya ne, Firimiya da La Liga da Bundesliga ke kare tukunyarsu, sauran sai dai a ɗauki hoto da su. Don Allah masu sani su warware mana. Me Wikki ko Gombe United za su ƙaru da shi idan shugabannin lig suka zauna a Zurich?

Malam_Yelwa
Wa alaikumus salam. Bari mu fara raba abubuwa uku, domin mutane na cakuɗa su. Akwai hukuma, kamar NFF a nan ko FA a Ingila, ita ce mamba a FIFA, ita ke riƙe da ƙungiyar ƙasa. Akwai kulob, kamar Wikki. A tsakaninsu akwai lig, wato kamfani ko kwamitin da ke tsara gasar mako-mako, ya fitar da jadawali, ya sayar da haƙƙin nuna wasa a talabijin, ya raba kuɗin. Hukumomi suna da FIFA da CAF da UEFA. 'Yan wasa suna da FIFPRO, ƙungiyarsu ta duniya. Manyan kulob na Turai sun daɗe da tasu ƙungiyar. Su lig-lig ne suka waiga suka ga ana yanke hukunci kan ranakun wasa ba tare da an ji ta bakinsu ba, alhali su ke biyan 'yan wasa ta hanyar kulob ɗinsu. Na Turai suka fara haɗa kai a 2005, ƙungiyar da yanzu ake kira European Leagues. Ta duniya kuma aka kafa ta a 2016, mazauninta Zurich, garin da hedikwatar FIFA take, kuma ba a banza aka zaɓi garin ba. Tana da mambobi sama da 40, har da na Afirka da Asiya da nahiyar Amurka. Richard Masters, shugaban zartarwa na Firimiya, ya shugabance ta.

Kunamar_Pantami
To ka ji. Malam da kansa ya faɗa, mutumin Firimiya ne a sama. Ɗan_Wunti, gaskiyarka ce. Ni abin da ba zan manta ba shi ne Disambar 2021. Muna shirin Kofin Afirka na Kamaru, ka'idar FIFA ta ce a saki 'yan wasa ranar 27 ga Disamba, wannan ƙungiyar da kuke magana ta rubuta takarda ta ce ba ta yarda ba. Daga ƙarshe aka bar wa kulob 'yan wasan har 3 ga Janairu, gasa kuma ta fara 9 ga wata. Kwana nawa ke nan koci zai haɗa tawaga? Emmanuel Dennis yana kan ganiyarsa a Watford, bai zo ba. Ighalo ma bai zo ba. Mu nan muka ɗauki mota daga Gombe muka bi ta Yola muka shiga Garwa, muka ga an ci Masar ɗaya da nema, Iheanacho ya zura, muka yi ta murna, daga baya Tunisiya ta kore mu. Wannan ƙungiya a lokacin bakin wa ta ara? Na Afirka?

GiwarBauchi98
Kunama, maganar Dennis tsakanin Watford da NFF ce, rigimar lokacin aika takardar gayyata ce. Kada mu ɗora wa ƙungiyar lig-lig abin da ba ita ta yi ba. Amma batun 3 ga Janairu ka yi daidai.

Kunamar_Pantami
Na yarda da gyaran. Amma ruwa ɗaya ne ya dake su. Iskar da ke kaɗawa a lokacin ita ce Kofin Afirka damuwa ne ga Turai.

Malam_Yelwa
Ba na musun cewa muryar manya ta fi ƙarfi a ciki. Amma ku duba ta ɗaya gefen. Lig na Afirka ta Kudu ko na Maroko shi ma yana tsayawa idan ana Kofin Afirka, shi ma yana asarar makonni. Matsalar jadawali ba ta Bature kaɗai ba ce. Kuma CAF da kanta ta mayar da gasar watan Yuni da Yuli, aka yi ta Masar a 2019 a haka, sai damina ta sa aka koma Janairu a Kamaru da Kwaddibuwa. Ta Maroko kuma wa ya ture ta daga bazarar 2025 zuwa Disamba? Gasar kulob-kulob ta duniya da FIFA ta faɗaɗa zuwa ƙungiya 32 a Amurka. Wannan gasar kuwa ƙungiyar lig-lig tare da FIFPRO sun rubuta wa FIFA a 2024 suna adawa da yadda aka cusa ta. Ke nan a wannan karon abin da ya dame su shi ne ya taɓa mu.

Ɗan_Azare
Ni dai ina karatu. Ku ci gaba.

Tsohon_Lamba_Biyar
Yara, ku bari in sa baki, domin ni na taka ƙwallon nan da ƙafata, na yi shekara tara ina tsaron baya a ƙungiyoyi uku. Duk wannan maganar ta gajiyar 'yan wasa da ake yi a Turai, ina jin ta, kuma ba na raina ta. Rodri, ɗan wasan Manchester City, ya fito a Satumbar 2024 ya ce wasanni sun yi yawa har 'yan wasa na dab da yajin aiki, ba a yi mako guda ba ya ji rauni a gwiwa, kusan kakar gaba ɗaya ta wuce shi. Gaskiya ya faɗa. Amma gajiyarmu daban ce. Mu mota ce ke kashe mu. Za a taso da asuba ranar Juma'a a bas mai cin mutum 32, an cusa jakunkuna da ƙwallaye da kulolin abinci a tsakanin kujeru, a nufi kudu. Ka kwana a hanya, ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ka isa Asabar da yamma, ka ɗan motsa jiki a filin wata makaranta, Lahadi ƙarfe huɗu a busa. Ana tashi a koma mota, domin Laraba akwai wasan gida. Akwai ranar da na cire safa a cikin mota na danna yatsa a ƙwaurina, ramin ya tsaya bai koma ba.

Sannan a ƙarshen kaka, wata ƙungiya da ba zan kira sunanta ba ta riƙe min rabin kuɗin sa hannu da albashin wata biyar. Na yi zarya har na gaji. Sakatare ya ce ciyaman, ciyaman ya ce ma'aikata, ma'aikata ta ce ba a saki kuɗi ba. Har yau. Idan akwai wata inuwa a duniya da za ta sa lig ya ce wa kulob ba za ka yi rajistar sabon ɗan wasa ba sai ka biya na baya, kuma a tsaya a kan maganar ko gwamna ne ya kira waya, to ni ina goyon bayanta ko a ina take zama.

Ɗan_Wunti
Allah ya saka maka, Baba. Wannan ta taɓa ni. Amma tambayata na nan: ƙungiyar tana da ikon tilasta wa lig ɗinmu haka?

Barista_Tumfure
Ba ta da shi, kuma ya kamata a gane wannan sarai. Ba hukuma ba ce, ba ta hukunta kowa, ba ta raba tallafi kamar yadda FIFA ke raba wa hukumomi. Aikinta biyu ne a taƙaice: ta yi magana da murya ɗaya a gaban FIFA, sannan mambobi su koyi aiki daga juna. Abin da Baba ke nema sunansa lasisin kulob, kuma yana nan a rubuce a dokokin CAF da na gida: kulob ya nuna ba a bin sa bashin albashi, yana da fili mai kyau, yana da ƙungiyar matasa, yana da asusun da aka bincika. Takarda ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da za a koya a wajen wasu shi ne yadda ake aiwatarwa. A Sifaniya lig ne ke ƙayyade wa kowane kulob iyakar abin da zai kashe kan 'yan wasa gwargwadon kuɗin shigarsa. Wannan dokar ce ta hana Barcelona riƙe Messi a 2021. Ku yi tunani, Barcelona da Messi, amma lig ya ce a'a. A Ingila an cire wa Everton da Nottingham Forest maki saboda karya dokar kashe kuɗi. Ranar da lig ɗinmu zai iya cire wa ƙungiyar gwamnatin jiha maki saboda bashin albashi, a kuma wayi gari hukuncin na nan, ranar mun koyi wani abu.

Kunamar_Pantami
Barista, ai ka faɗi inda gizo ke saƙar. Can kulob kamfani ne. Nan yawancinsu na gwamnatin jiha ne. Wa zai hukunta mai biyan kuɗin mota?

Barista_Tumfure
Shi ya sa nasarar Remo Stars a kakar 2024/25 ta burge ni, kulob ne na mutum mai zaman kansa, da filinsa da makarantar horar da yaransa. A nan Gombe ma mun ga Doma United ta hau babban lig ba da sunan gwamnati ba, duk da ta sauka a 2024 tare da Gombe United. Hanya ce mai wuya amma akwai ta.

GiwarBauchi98
Ku tsaya, kun manta an taɓa gwada irin wannan haɗin gwiwa a aikace. A 2016 lig ɗinmu, lokacin LMC, kamfanin da ke tafiyar da lig ɗin, ƙarƙashin Shehu Dikko, ya ƙulla yarjejeniya da La Liga. Aka zaɓi fitattun 'yan wasan gida aka kai su Sifaniya a watan Agusta, suka kara da Valencia, suka shiga gasar Carranza a Cadiz inda Malaga da Atletico Madrid suke. Daga baya aka fara gasar 'yan ƙasa da shekara 15 da horar da koci-koci a Abuja. A 2018 Atletico ta zo har Uyo, Torres ya buga. Kuma shekarar 2016 ɗin nan ita ce shekararmu a Bauchi: Abdu Maikaba na kan benci, Godwin Obaje ya fi kowa zura ƙwallo a lig da 18, muka ƙare na uku, Rangers ta ɗauki kofi. Wanda ya shiga filin Abubakar Tafawa Balewa a kakar nan ya san abin da nake faɗa. Tun ƙarfe biyu ake cika, masu sayar da rake da ruwan leda ba sa komawa da kaya. Mutane sun bar gidan kallo sun zo fili.

Ɗan_Azare
Daga Azare muke haɗa kuɗin mota mu zo. Allah ya maimaita mana.

Ɗan_Wunti
Giwa, na tuna. Amma shekara ta zagayo muka fita Kofin Confederation na CAF, RSLAF ta Saliyo ta cire mu tun a matakin farko. To ina amfanin Sifaniyar?

GiwarBauchi98
Haba ɗan'uwa, tafiyar mako biyu ba za ta gyara abin da ya shekara talatin yana lalacewa ba. Ni abin da nake nunawa shi ne an buɗe ƙofa. Laifinmu ne da ba mu ɗora ba. Shugabanci ya canja, LMC ta tafi a 2022, aka kawo kwamitin riƙo, aka sake suna, kowa ya zo sai ya faro daga tushe.

Kunamar_Pantami
Ni kuma ina ganin La Liga kasuwa ta zo nema. Ta ga Firimiya ta cinye Najeriya, kowane yaro Chelsea ko Arsenal ko United, ta ce bari in samu rabona. Ba don Allah suka zo ba.

Malam_Yelwa
Kunama, ai ba wanda ya ce sadaka suka kawo. Ciniki ne. Mai hankali idan ya shiga ciniki yakan san abin da yake so ya fita da shi. Sifaniya kanta sai a 2015 gwamnati ta yi dokar da ta sa a riƙa sayar da haƙƙin talabijin a dunƙule, kafin nan Real Madrid da Barcelona kowa na sayar da nasa, ƙananan kulob na tsintar ragowa. Daga wa suka koya? Daga Ingila, wadda tun kafa Firimiya a 1992 take sayarwa a dunƙule: kuɗin cikin gida rabi a raba daidai wa daida, kashi ɗaya cikin huɗu gwargwadon matsayi a tebur, sauran gwargwadon yawan nuna wasanka. Manya ma suna kwaikwayon juna. Mu ne za mu ji kunyar tambaya?

Koci_Jahun
Salamu alaikum. Na jima ina bin zancen, bari in kawo nawa ɓangaren, domin duk kuna magana a sama, mu muna ƙasa. Ina da yara kusan arba'in da nake horarwa a filin makarantar firamare, safe da yamma. Raga babu, da bulo muke alamar gola, ƙwallo huɗu gare mu, biyu an yi musu faci har sun gaji. Na taɓa halartar irin horon da Giwa ya ambata, kuma wallahi na ƙaru. Abu ɗaya da na dawo da shi: a daina sa yaro ɗan shekara goma yana zagaya fili sau ashirin, a ba shi ƙwallo a ƙaramin fili, huɗu da huɗu, ya taɓa ta sau ɗari. Na canja, kuma na ga bambanci a ƙafar yaran.

Amma ga inda ya fi min ciwo. Yaro ya zo hannuna yana shekara 11. Na saya masa takalmi na gwanjo a kasuwar Wunti, na je gidansu sau uku ina roƙon mahaifinsa ya bar shi. Ya kai 17, wani ejan ya zo ya ɗauke shi zuwa wata makarantar ƙwallo a kudu, aka yi masa sabuwar rajista kamar daga sama ya faɗo. Yau yana buga wasa a wata ƙasa. Ban ga ko sisi ba, sunan ƙungiyata ma bai fito a takardunsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaron kirki ne, yana kira na, ba shi na zarga ba.

Barista_Tumfure
Koci, wannan naka yana da magani a doka, sai dai maganin yana aiki ne tun kafin ciwon. FIFA na da tsari biyu. Akwai diyyar horarwa, da ake biyan ƙungiyoyin da suka raini ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 21 idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Akwai kuma kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da shi, da ake raba wa waɗanda suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Tun Nuwambar 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris da kuɗin ke bi ta cikinsa don ya isa ga masu shi. Amma duk wannan ya dogara da abu ɗaya: a ga sunan ƙungiyarka a tarihin rajistar yaron a kwamfuta. Idan ba ka yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha ba, ba ka shigar da yaran ba, to a idon tsarin ba ka taɓa ganin sa ba. Ka je ka yi wa ƙungiyarka da sauran yaran rajista tun yanzu. Ka yi min magana ta gefe in nuna maka takardun da za ka tanada, ba sai ka biya ni komai ba.

Koci_Jahun
Na gode ƙwarai, Barista. Zan neme ka bayan la'asar in sha Allah.

Maman_Abba
Ku yi haƙuri in shigo, ɗana na cikin irin waɗannan yaran, shekararsa 15. Wata biyu da suka wuce wani mutum ya zo har gida da hotuna a waya, ya ce zai kai shi gwaji Turai, a kawo kuɗin biza da na jirgi. Mahaifinsa har ya fara maganar sayar da fili. Ni hankalina bai kwanta ba. Barista, ana yin haka?

Barista_Tumfure
Hajiya, kada a sayar da komai. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro ƙasa da shekara 18 zuwa kulob na wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyayensa su koma can da zama don dalilin da ba na ƙwallo ba. Kuma kulob na gaskiya idan yana son ganin yaro shi ke aiko da takardar gayyata ya ɗauki nauyi. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi, ku rufe ƙofa.

Maman_Abba
Alhamdu lillahi da na tambaya. Zan nuna wa mahaifinsa wannan da daddare. Allah ya biya ka.

Tsohon_Lamba_Biyar
Hajiya, ki riƙe shi ya gama sakandare. Ni na ga waɗanda aka zubar a ƙasashen waje ba kuɗin dawowa.

Admin_Bakin_Kura
Jama'a, zancen ya yi amfani amma mun yi nisa da tambayar Ɗan_Wunti. A dawo kan layi.

Mai_Gidan_Kallo
Ni ne na kashe musu janareta jiya, mai ya yi tsada. Bari in faɗi abin da nake gani daga inda nake zaune. Ranar Asabar idan Arsenal na wasa, benci ba ya isa, wasu a tsaye, wasu a taga. Ranar da na sa wasan lig ɗin gida, in ba Wikki ko Pillars ke bugawa ba, mutum bakwai ne ko takwas. Ba ƙin gida mutane ke yi ba. Hoton ne ba ya da kyau, kyamara ɗaya ko biyu, ba a maimaita ƙwallo yadda ya kamata, wani lokaci a ce ƙarfe huɗu a koma wata rana. Sannan ga abin da kowa ya sani, mutane sun saba ganin mai gida ba ya faɗuwa, fenariti a minti na 90. Ya ragu, ina ganin ana cin wasan waje yanzu fiye da da, amma zuciya ba ta manta ba tukuna. Idan shugabanninmu za su zauna da wasu lig su koyo abu, su koyo yadda ake ɗaukar wasa da yadda ake kare alƙalin wasa, a biya shi haƙƙinsa daga asusun lig kafin ya shiga gari, kada ya dogara da mai masauki. Kuɗin da nake biya duk wata na kallon ƙwallon Turai, da rabinsa zai zauna a gida da na fi kowa murna.

Kunamar_Pantami
Ka ga wannan shi ne abin da nake faɗa tun farko. Lig ɗin da ke kwashe mana 'yan kallo shi ne kuma za mu zauna inuwa ɗaya da shi ya koya mana yadda za mu ƙwace su? Firimiya ta sayar da haƙƙin nuna wasa na cikin Birtaniya kaɗai a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu. Mu da su ba sa'o'in juna ba ne. Ni da za a ji tawa, lig-lig na Afirka su fara haɗa nasu kan. Mu tambayi Afirka ta Kudu yadda lig ɗinsu, PSL, ya samu kwantiragin gidan talabijin na SuperSport tun 2007. Mu tambayi Tanzaniya yadda tashar talabijin ta Azam ta sa wasan Simba da Yanga ya zama abin da gari ke tsayawa dominsa, har 'yan wasanmu na tafiya can neman abinci. Waɗannan matsalarsu irin tamu ce: zafi, doguwar tafiya, ƙarancin kuɗi. Kulob-kulob na Afirka sun kafa tasu ƙungiyar a Alƙahira a 2023, shugaban Yanga, Hersi Said, ya zama jagora. To lig-lig fa?

Malam_Yelwa
A nan kam na bi ka, Kunama. Sai dai ɗaya ba ya hana ɗaya. Na Turai suna da tasu ta nahiya, suna kuma cikin ta duniya. Da ta nahiyar ce ma suka kai ƙarar FIFA gaban Hukumar Tarayyar Turai a Oktoban 2024, su da FIFPRO ta Turai da La Liga, kan cewa FIFA ita ce mai tsara jadawali kuma ita ce mai shirya gasa don neman kuɗi, tana fifita nata. Wanda ya shiga babban taro shi kaɗai, kallo zai yi. Waɗanda suka shiga su goma da matsaya ɗaya, dole a saurare su. Da lig-lig na Afirka na da murya ɗaya a Disambar 2021, da wasiƙar nan ba ta fita da sunan kowa da kowa haka kawai ba.

Kuma akwai abin da ya haɗa mu da su ko muna so ko ba ma so. Lokacin da kulob 12 suka yi yunƙurin ɓallewa su kafa Super League a Afrilun 2021, abin da lig-lig suka tsaya a kai shi ne gasar cikin gida ita ce tushe, kuma cancanta a fili ita ke kai ka gasar nahiya. Cikin kwana uku abin ya watse. A Afirka an yi African Football League a 2023 da ƙungiya 8 da aka zaɓo, Enyimba na ciki, Sundowns ta ɗauka. Idan irin wannan ya zama shi ne hanyar kuɗi, ƙungiya kamar Wikki da ta ƙare ta uku da guminta a 2016 ba za ta taɓa leƙa ƙofar ba. Wannan ka'idar ta cancanta ta fi amfanar ƙarami a kan babba.

GiwarBauchi98
Wannan batu ne. Mun sauka a 2023, mun dawo a 2025 da ƙafarmu. Hawa da sauka shi ne daɗin abin.

Ɗan_Wunti
Na saurari kowa. Na sassauta kan cewa ba ta da amfani kwata-kwata, musamman abin da Malam ya faɗa na ƙarshe da bayanin Barista. Amma har yanzu ina nan kan cewa Baba Lamba Biyar ba Zurich ce za ta biya shi albashinsa na wata biyar ba.

Tsohon_Lamba_Biyar
Ni na yafe nawa, ɗana. Na yaran da ke bugawa yanzu nake ji. Akwai wanda ya kira ni makon jiya, matarsa ta haihu, raguna sun yi tsada, yana bin ƙungiyarsa wata uku.

Ɗan_Azare
Tambaya: idan wakilanmu sun je irin waɗannan tarurruka, akwai inda ake buga abin da suka tattauna mu karanta? Ko a rediyo a yi mana bayani da Hausa?

Barista_Tumfure
Tambaya mai kyau. Ƙungiyar magoya baya na da damar rubuta wa lig ta nemi bayani, kuma 'yan jaridar wasanni na Bauchi da Gombe za su iya tambayar shugabannin lig a gaban makirfo. Idan za a rubuta, zan tsara takardar.

Kunamar_Pantami
A sa sunan mutanen Gombe a ciki. A kuma tambaye su maganar haɗa kai da sauran lig-lig na Afirka, ita ce tawa.

Mai_Gidan_Kallo
Wanda zai zo kallon na yamma ya zo da wuri, benci biyu sun karye ban kai wa kafinta ba tukuna. Koci, ka turo min yaran nan biyu da suka ce za su taya ni ɗauka.